Kirarin da Lurwanu Ya Yi wa Mai Tamis

Lurwanu dai bakinsa ba ya hutawa, kowa a unguwar Ulaisha ya shaida. Direba ne, mutumin Gusau, kuma tun zuwansa Riyad ba wanda ya rage masa kewar gida kamar Baba Nazar, wani tsoho ɗan Afganistan mai gasa burodin tamis a bakin layinsu. Duk wanda ya zo saye, tsohon nan sadik yake ce masa, wato aboki, yadda ake kiran wanda ba a damu da sunansa ba. Lurwanu kaɗai yake jawo wa kujera kusa da tanderu, ya zuba masa shayi, ya kira shi waladi, wato ɗana. Shi kuwa maraya ne, kalmar nan ce ke riƙe shi wuni guda.

Hannun hagun tsohon yatsu biyu suka rage, sauran duk tabon ƙuna. Lurwanu bai taɓa tambaya ba, shi kaɗai ya yi kiɗansa ya yi rawarsa. Ai tun yana ƙarami yake jin manya a ƙofar masallaci suna labarin mazajen Afganistan da suka kori 'yan gurguzu. To, wannan hannun na waye in ba na mayaƙi ba?

Ran wata Juma'a layin masu saye ya yi tsawo, sai abin ya motsa masa. A garinsu ba a ganin namiji a wuce shi haka kawai. Ya kama hannun tsohon ya ɗaga sama, ya shiga zuba masa kirari da Hausa yana juyawa da guntun Larabcinsa: ga wanda ya ci wuta bai ja da baya ba, ga dodon 'yan gurguzu! Jama'a suka ɗauki masha Allah. Baba Nazar ya zare hannunsa a hankali, burodin da ke cikin tanderu ya ƙone.

Sai da mutane suka watse ya ba shi labari. Matarsa Zarmina malama ce. Gwamnatin gurguzu ta Kabul ta turo allo da alli ƙauyensu, ita kuma tana koya wa 'yan mata karatu. Rasha ta kawo jirage don ta tsare gwamnatin, Amurka da ƙawayenta suka yi ta kwararo makamai ta kan iyaka don kada Rasha ta miƙe ƙafa a yankin. Ya ce ba wanda ya zo don ƙaunarsu, kowa abokin gabarsa yake hange, ƙasarsu ta zama dandalin kokawa kawai. Samari suka sami sababbin bindigogi, aka ce musu duk abin da ya fito daga Kabul gurguzu ne. Suka cinna wa makarantar wuta tana ciki. Ƙofar ta ƙarfe ce, da hannun nan ya yi ta ja.

"Wallahi ta mutu ba ta san mene ne gurguzu ba," in ji shi. "Da Rasha ta tafi, masu aiko makaman su ma suka tafi, suka bar mu da su. Kai kuma yau ka ɗaga hannun nan a gaban mutane, ka haɗa ni da waɗanda suka ƙone ta."

Lurwanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ba da haƙuri har da durƙusawa, tsohon ya ce ba komai, ya yafe.

Washegari Lurwanu ya yi sammako zuwa wurin tsohon. Kujerar tana nan inda take, amma an ɗora mata buhun fulawa. Baba Nazar ya amsa sallama da kyau, idonsa na kan tanderu.

"Guda nawa, ya sadik?"