Gurasar Dawar Mamu Mastan

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji biyar karatuna ya tsaya, kuma ko gidan biki aka je, ni ce wadda ake tararwa a bayan ƙofa tana wanke kofuna. Amma abin da ya faru a tsakar gidan maƙwabcinmu a makonsa na ƙarshe, da hannuna aka yi shi, shi ya sa na daure.

Ina tsince shinkafa a bakin ƙofa sai Mami Shahnaz, matarsa, ta leƙo ta saman katanga.

"Gausiya, Amminki na nan?"

"Ta tafi layin karɓar shinkafar gwamnati."

"Ba ita ake nema ba ma. Ke ce. Wanko hannunki ki zo."

Mamu Mastan ba ƙanin Ammi mahaifiyata ba ne, katanga ce kawai ta raba mu, amma Mamu, wato kawu, na taso ina ce masa. Yana da shagon kayan masarufi kusa da tsohuwar ƙofar garinmu, Bidar. Tun kafin a haife ni yake zaune a kan kujera ɗaya, bayan kwalaben alewa da biskit. Masallacin da ake hangowa daga shagon ma a babur yake zuwa. Da likita ya ce masa yana da ciwon suga, ya bar zaƙi, sai ya bari da gaske. Ko ranar sallah bai ƙara taɓa madara mai taliya da dabino ba. Mai shayin layinmu da ya hango shi zai ce, "Shayi lami ɗaya na Mastan Sab." Mamu yana jin daɗin wannan kirari.

Farar shinkafa kuwa, safe, rana da dare, sai an tula masa faranti. Ai shinkafa ba ta da zaƙi. Haka ya ɗauka, haka mu ma duk muka ɗauka.

Sabon takalmi ne ya fara cin masa yatsa, bai ji ba sai da wurin ya yi baƙi. Aka yanke yatsan, daga baya aka yanke ƙafar, sannan ƙoda ta gaza. Ranar da Mami ta kira ni, bai daɗe da dawowa daga asibiti a Haidarabad ba. Likitocin sun ce a kai shi gida ya huta cikin iyalinsa, kuma kowa ya gane nufinsu.

Na same shi kwance a gadon igiya a inuwar baranda. Mahaifiyarsa, Nani Maulan Bi, wadda shi yake kira Amma, tana tsugune a gindin murhunta na itace a kusurwar gida, hannunta na dama a ɗaure da ɗori, don ta zame a makewayi ta karye. Ta kusa shekara casa'in, amma ba ta taɓa neman a miƙar da ita ba.

"Gurasar dawa yake so," in ji Mami, muryarta ƙasa-ƙasa. "Komai aka ba shi sai ya kawar da kai. Na gwada da sandar murza ta alkama, ta farfashe min. Na sayo ta kasuwa, ya shinshina ya ce takarda ce."

Duk layinmu an san faɗan Mamu da Nani a kan gurasar nan. Ita tun da suka baro ƙauye ba ta yarda ta ci wani abu ba sai gurasar, da yajin gyaɗa da albasa. Shi kuma yakan tsaya a kanta yana cewa, "Amma, so kike a ce ba na iya ciyar da ke? Ga buhun shinkafa a ɗaki." Da gurasar nan aka rene shi, ana ɗaure masa guda biyu a tsumma ya taka zuwa gonar audugar mai ƙasa tun rana ba ta fito ba. Ranar da ya buɗe shago ya rantse ya gama da ita. Ya ce ya ci dawar da za ta ishe shi har kabari.

"Nani, ban iya ba," na ce.

"Na sani. Wa ya iya a layin nan? Kawo hannunki." Ta juya tafina sama da ƙasa kamar mai taya akuya. "Yana da faɗi. Kuma ba ki da surutu. Mai surutu ba ta jin abin da gari yake gaya mata."

Daga ranar na zama hannun Nani. Kullum da safe sai in kai dawa inji, don ta ce garin da ya kwana ba ya haɗuwa. Ruwa sai ya tafasa. A murza da gindin tafi har ƙullun ya yi laushi, a barbaɗa gari a kan dutse, sannan a yi ta bugawa da tafi ana juyawa, ana bugawa ana juyawa, har ya baje ya yi faɗin faranti. Nawa kuwa da ya kai faɗin murfin kofi sai gefensa ya fara tsagewa.

"Mari kike yi. Me ya yi miki? Lallashi ake yi."

Daga gado Mamu ya ce, "Amma, kada ki kashe 'yar mutane kafin ni."

"Rufe min baki, mai shago. Kai da ko ƙullu ba ka taɓa taɓawa ba."

"Na ci dai."

"Ka ci, ka ƙoshi, ka raina."

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mami ta taho da ruwa a cokali.

Waɗanda suka farfashe Nani ba ta bari a kai masa. Ta ce ɗanta bai taɓa cin karyayyar gurasa daga murhunta ba, ko a shekarar fari. Sai ta jiƙa gutsattsarin a ruwan miya ta cinye. Ni kuwa ina lura, kullum muryarsa tana ƙara yin nisa, fuskarsa tana ƙara kumbura. Idan na koma gida sai in ɗauki garin alkama in yi ta gwadawa a bayan tire, Ammi tana cewa na haukace.

Wata rana da azahar, ya yi barci, Mami ta zauna kusa da mu tana kallon wuta.

"Da a ƙauye ya zauna, da wannan ciwo bai same shi ba," ta ce. "Ku a zamaninku ba ku san shi ba."

Nani ta gyara itace da hannun hagu. "Ba mu san shi ba. Amma kada ki ce zamanin daɗi ne. Uku na haifa. Yunwa ta ci biyu tun ba su yi wayo ba. Wannan da ya rage na yi ta addu'a Allah ya ƙosar min da shi, ya samu wurin zama a inuwa." Ta dubi baranda. "An amsa min."

Ruwan ya tafasa, na tashi na sauke shi.

Ranar Juma'a, bayan maza sun sauko daga masallaci, sai ƙullun ya ba ni haɗin kai. Ban san me na yi daban ba. Ina bugawa yana bajewa, gefen bai tsage ba, har ya wuce faɗin tafina biyu. Nani ta daina yi min faɗa. Na zura hannu ƙarƙashin gurasar in ɗora a kasko, sai ta zame ta rabe kusan gida biyu. Haka ta faɗa kaskon.

Hawaye ya zo min. Na jawo kwanon gari zan sake kwaɓa wata. Nani ta ɗora min hannun ɗorin a kan gwiwa. Ba ni take kallo ba, kunnenta yana wajen baranda, inda numfashinsa yake fita da wani irin ja.

"Shafa mata ruwa ki juya," ta ce. "Ita za ki kai."

"Nani, ta karye."

"Na gani. Babu lokacin wata."

Na kai masa a faranti da yajin gyaɗa. Mami ta tallafo kansa. Ya daɗe yana kallon gurasar, sannan ya kalle ni. Ni dai ƙasa nake kallo.

"Gausiya, taswirar wace ƙasa ce wannan?"

"Ci ka yi shiru," in ji Nani. Ta taso ta zauna a bakin gadon. "Albasa fa? Ba da wuƙa ba, ke. Da dunƙulen hannu."

Na ajiye albasa a ƙasa na doka mata hannu, ta fashe. Bai iya cin ta ba, sai Nani ta kanga masa a hanci. Ta gutsuri gurasar kamar girman farce, ta dangwali yaji kaɗan, ta sa masa a baki. Ya yi ta taunawa a hankali, idonsa a rufe, har na ɗauka barci ya koma.

"Amma," ya ce, "ashe tana da zaƙi."

"Ta daɗe da shi. Kai ne kullum kana sauri."

"To ki janye. Likita ya ce in bar zaƙi."

Mami ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi. Ya karɓi loma ta biyu, ta uku ya girgiza kai. Nani ta bar hannunta a kan goshinsa. Kafin la'asar ya cika. Bayan magariba aka kai shi.

Ba a hura wuta a gidan mutuwa sai bayan kwana uku, maƙwabta ne ke kai abinci. Tukwane suka yi ta shiga, har da tamu. Duk shinkafa ce, wata da wake, wata da nama. Da Ammi ta dawo ta ce an yi, an yi da Nani, ta ƙi cin komai. Ba ta kuka, tana zaune kawai kusa da murhunta.

Washegari da sassafe na ɗebi dawa a wurin mai hatsi na kai inji, ni ce ta farko a layi. Na dawo na tafasa ruwa a kan gas ɗinmu, Ammi tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Ta farko ta tsage. Ta biyu ta hau kasko ɗungurungum, har ta ɗan kumburo a tsakiya. Na naɗe ta a tsumma mai tsabta, na bi ta tsakanin matan da ke zaune a tabarmi, kaina a ƙasa, na ajiye a gaban Nani.

Ta buɗe tsumman da hannun hagu. Ta bi gefen gurasar da yatsa, ta zagaye har ta dawo inda ta fara.

"Gefen ya yi kauri," ta ce.

Sannan ta gutsura. Na zauna kusa da ita na riƙe mata farantin.