Irin Kuɓewar Inna

Babu dabbar da Allah ya halitta da za ta yi ɓarna a gonar Bagobiri ta kwana lafiya. Alhaji Salifou ne ya faɗi haka a bazarar 1985, yana tsaye da babbar riga a gaban wani ɗan fili da bai fi tsakar ɗaki ba, cikin lambunan ma'aikata da ke bakin daji a bayan birnin Lyon na Faransa. Rabonsa da fartanya tun kafin ya yi gemu, amma a ganinsa noma gadonsa ake yi, kamar hawan jini.

Matarsa Zouera tana tsaye a gefe. Hankalinta yana kan wani ƙullin tsumma da ke cikin jakarta. Irin kuɓewar innarta ne, gajeriya mai jan baki, wadda ake shukawa bayan ɗaki a ƙauyensu kusa da Maraɗi. Inna ta rasu bara, shekarar fari, gidan ya watse, lambun ya koma turɓaya. Wannan ƙullin shi kaɗai ya rage.

Ta so a shuka rabi, a ajiye rabi. Alhaji ya ce wannan dabarar masu jiran ruwan sama ce. Nan ga famfo, ga taki a buhu, ga ƙasa baƙa wuluk. Ajiye iri a Faransa rashin yarda da ci gaba ne. Ya kafa katakai, ya cika su da ƙasa har gwiwa kamar yadda ya ga maƙwabta sun yi, ya juye ƙullin duka.

Abin da bai kwaikwaya ba shi ne wayar da kowa ya kewaye filinsa da ita, wadda ta fi mutum tsawo. Maƙwabcinsa, wani tsoho ɗan Fotugal, ya nuna masa dajin, ya ce barewa na fitowa da asuba. Alhaji ya yi masa godiya irin wadda ake yi wa yaro. Ya sari ƙaya, ya yi shinge iya ƙugu, irin wanda ke tsare awakin Gobir tun zamanin kakanni.

Kuɓewa ta tsiro. Kullum Zouera takan sauko daga benensu na unguwar Minguettes, ta shiga bas, ta je ta ba ta ruwa. Ranar da ta ga furen farko sai da ta zauna a bakin katakon ta daɗe.

Wata safiya ta tarar an aske layi guda, ga sawun kofato a cikin taki.

Alhaji ya sa hula ya tafi wurin shugaban ƙungiyar lambun, ya tambaye shi barewar ta wace ce. A gida hanya sananniya ce: a kama dabba, a ɗaure ta a ƙofar mai gari, mai ita ya zo da kunyarsa ya biya ɓarna. Shugaban ya ce ba ta kowa ba ce. Alhaji ya ce to zai ɗana mata tarko. Shugaban ya ce in ya yi haka, jandarma za su zo. Ya dawo gida yana bayani cewa ya gano ƙasar: dabba in ta ci naka ba ta da mai ita, in ka taɓa ta sai iyayenta su fito da mota.

"Alhaji, a sayi wayar nan," in ji Zouera.

"In na sa waya yanzu, me zan ce wa ɗan Fotugal?"

"Ba sai ka ce masa komai ba."

Ya rataya gwangwanaye a igiya, kamar yadda ake korar tsuntsu a gonar gero. Ya sa wa sanda tsohuwar rigarsa da hula. Barewar ta ci gaba da zuwa, kuma bisa ga sawunta, daidai gindin rigar ta fi son tsayawa.

Da ya rage tushe uku, Zouera ta cire labulen tagar kicin, ta kafa sanduna, ta lulluɓe su, ta danne gefe da duwatsu. Abin ba kyan gani, amma barewar ta ƙyale shi. Kuɓewar ta yi 'ya'ya. Ba ta tsinki ko ɗaya ba, ta bar su su ƙosa su bushe a jikin uwar. Sanyi ya fara leƙowa, amma ta ga in Allah ya yarda za su riga shi.

Sai ga Alhaji Bukari daga Paris, abokin kasuwancin mijinta, wanda ya sha labarin gonar ta wayar tarho har ya ɗauka ana shiga ta da tarakta. Da la'asar Alhaji Salifou ya kai shi. Kafin baƙon ya ƙaraso daga mota, ya yi sauri ya yaye labulen, ya cusa shi bayan tankin ruwa, don kada a je Sevran, unguwar baƙon, a ce gonarsa na sanye da mayafi. Suka ɗauki hoto kusa da sandar mai riga. Magariba ta matso, suka tafi, labulen yana nan bayan tanki.

Da safe Zouera ta tarar da kara uku a tsaye. Ta durƙusa ta tona ƙasar da yatsa ko wani ƙwanso ya faɗi. Ɗan Fotugal ya leƙo ta cikin wayarsa, ya cire hula, ya koma kan kabejinsa.

Da daddare wajen cin tuwo Alhaji ya bayyana wa baƙonsa cewa ya gwada, ya kuma tabbatar a ilimance, kuɓewa ba ta yi a ƙasar Turawa. Matsalar iska ce. Alhaji Bukari ya ce dama ya yi zargin haka. Suka yaba miyar, wadda aka kaɗa da busasshiyar kuɓewar kanti.

Zouera ta kwashe kwanuka. Ta wanke labulen ta mayar da shi taga. Sannan ta ciro tsumman daga jaka, ta kwance shi a kan tebur, ta bi kowace lanƙwasa da farce ko wata ƙwaya ta maƙale. Ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati.