Muryar Abu Gassan a Wayar Shago

Tun da na auri Fauzi nake ba shi shawara, ya ce mini "to", ya ci gaba da abin da yake yi. Sai ga yarinyar da ko sa'ar Gassan ɗinmu ba ta kai ba ta shigo shagonmu da jaka a kafaɗa, ta ce teburin bakin ƙofa yana tare hanya. Kafin la'asar an ɗauke shi. Teburin nan na yi shekaru ina magana a kansa.

Sunanta Rula, injiniya ce a wani ƙaramin kamfani da ke sa wa shaguna kwamfuta a nan birninmu na Irbid. Gassan ne ya kawo ta, don 'yan garinmu da ke aiki a Kuwait da Dubai sun matsa mana da waya, kowa yana son a kai wa iyayensa zaitun da makdus, wato cusasshen yalon da ake jiƙawa a man zaitun, Fauzi kuma ya fara manta wanda ya ce me. Ni nake yin kayan a gida, shi yake sayarwa. Kowa ya san shagon Abu Gassan, kamar yadda ake kiran Fauzi, amma ba wanda ya san hannun da ke cusa wa yalo barkono da tafarnuwa har farce ya yi zafi. Wannan bai taɓa damuna ba sai da Rula ta zo.

Tun daga lokacin, cin abincinmu ya koma karatu.

"Rula ta ce kowace kwalba sai an manna mata lamba," in ji Fauzi.

"Kwalbar ba ta san kanta ba ne?"

"Rula ta ce na'urar za ta riƙa gaya mana in man zaitun ya kusa ƙarewa."

"Ni da nake gaya maka fa, Abu Gassan?"

"Ke ai da faɗa kike faɗa. Ita na'ura a hankali take yi."

"To ka ce ta dafa maka abincin gobe a hankali."

Sai ya yi dariya har ya ƙware. Kada a yi mini mummunar fahimta, ban taɓa zarginsa da komai ba. 'Yata yake ce mata, ita kuma Baffa take ce masa, ni ta ce mini Inna. Kunnensa ne na ga an ɗauke. Mutumin da ban taɓa gani ya zauna an koya masa abu ba, ga shi ya sa tabarau ya sunkuya kusa da ita, yana danna allo da yatsa ɗaya yana cewa, "Nan ne? Na yi daidai?"

Abu ɗaya ne ya ƙi ji. Ta ce a buɗe komai da sunan shago, a ba Gassan mabuɗi na biyu, wato lambar sirrin shiga, saboda halin rayuwa. A gabana aka yi, na kawo musu shayi.

"Ina da rai ɗana ya riƙe mabuɗin shagona? Ubana bai ba ni mabuɗi ba sai ranar da aka wanke shi."

"Baffa, wannan ba irin mabuɗin ƙofa ba ne. In ya ɓata ba makerin da zai fasa."

"Ba zai ɓata ba. Yana nan." Ya nuna kansa.

Aka buɗe komai da sunansa da lambar wayarsa. Ranar na ƙara masa nama a abinci, don daɗin ganin ita ma an ce mata a'a.

Sai maganar murya ta taso. Za a sa wa wayar shago gaisuwa, wadda mai kira zai ji kafin ya zaɓi abin da yake so. Kamfanin suna da muryar wata mace a shirye, amma Rula ta ce mutanen da ke nesa da gida muryar Baffa suke so su ji. Shago akwai hayaniyar motoci, don haka suka zo gida, suka zauna a ɗakin da ke jikin kicin. Ta ajiye wayarta a gabansa ta ce kowa ya yi shiru.

A gidana aka ce in yi shiru. Sai na tuna ina da tafarnuwar da ban daka ba. Na ɗauko turmin ƙarfe na fara. Duk lokacin da ya ce "Salamu alaikum" sai in sauke taɓarya. Ya kira sunana, na ce aiki nake yi. Ya sake kira. Da ƙyar suka samu guda mai kyau, lokacin da na fita tsakar gida kwashe shanya.

Ga abin da ya shiga wayar: "Salamu alaikum, Abu Gassan ne. In zaitun kake so danna ɗaya, in makdus ne danna biyu. In kuma surutu kake so, ka zo shago, akwai shayi."

Fauzi ya rasu a lokacin tsinkar zaitun, ranar wata Juma'a, ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba, ba zan iya ba.

Na shiga takaba. Gidan ya cika, ya koma ya watse. Wata safiya ina neman Gassan na kira wayar shago, sai na ji Fauzi ya yi mini sallama. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Na amsa sallamar. Daga nan kullum sai na kira, in na idar da sallar walaha, in ji shi har ya kai kan shayi, in kashe, ban danna komai ba.

Na ɗauka ni kaɗai ce. Sai maƙwabciyata Ummu Ra'id ta zo gaishe ni, tana shan gahawa ta ce, "Allah ya jiƙan Abu Gassan. Kin san nakan kira shagonku haka kawai don in ji shi? 'Yar'uwata da ke garin Zarƙa ma haka take yi. Muna ji muna hawaye."

Na ce Allah ya saka da alheri. Ashe mijina yana can yana yi wa matan gari sallama, kowace ta danna lamba sai ya gayyace ta shan shayi. Ni da aka ce kada in fita ko ƙofa saboda shi, rabona daidai da na mai sayen zaitun rabin kilo.

Ban daɗe da wannan baƙin cikin ba aka kawo wanda ya fi shi. Na kira wata safiya, sai muryar mace ta ce mini barka da zuwa. Na jira Gassan ya zo.

"Wa ya cire ubanka ya sa Rula?"

"Umma, ba Rula ba ce, muryar na'ura ce."

"Wa ya cire shi?"

Ya zauna ya yi mini bayani. Da aka kai takardar rasuwa, an rufe layin ubansa. Komai na shago kuwa a kan layin yake, lambar sirrin kuma ta tafi kabari tare da mai ita. Dole Rula ta buɗe sabo daga farko, gaisuwar ta tafi da tsohon.

"Ta sha gaya masa, Umma. Ke ma kina wurin."

Ina wurin. Har nama na ƙara masa.

Na ce, "Ita ta ɗauki muryar da wayarta. Tana da ita."

"Bari in kira ta yanzu."

"Kada ka kira. Ba a roƙar mini abu ta waya."

Na haƙura har na fita takaba. Washegari na sa baƙar abayata na hau tasi zuwa ofishinsu, hawa na biyu a saman wani kantin takalma. Samari ne zaune a jere da abin ji a kunne, ba wanda ya ɗago. Rula ta taso da sauri ta sumbaci goshina, ta shigar da ni wani ɗan ɗaki, ta kawo mini gahawa a kofin takarda.

Na karɓa da hannun dama, na ajiye a kan tebur ban kurɓa ba.

A wajenmu, wanda ya zo da buƙata ba ya shan gahawar gida sai an ce masa buƙatarsa ta biya. Maza ne ke yin haka, manya, a zaure, kan maganar aure ko ta jini. Ni na yi shi da kofin takarda kusa da kwamfuta. Na ɗauka ma ba za ta gane ba. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta gyara zama. Ashe 'yar ƙauye ce duk da wandon da take sawa.

"Sha gahawarki, Inna. Abin da kika zo nema kin samu."

"Ba ki ji ko mene ne ba."

"Na riga na faɗa."

Na kurɓa. Ba ta da daɗi. Na ce muryarsa nake so.

Ta ɗauko wayarta, ba ta ma yi nema ba, yatsanta ya san inda abin yake. Na lura da wannan. Ta ce ba gajeriyar gaisuwar kaɗai ke nan ba, duk zaman ranar ne, ba ta yanke komai ba. Ta kunna.

Sai ga sallamarsa, sai ga ƙarar turmina. "Wijdan, don Allah." Turmi. "Wijdan, ke dai ba kya jin magana." Turmi. "Wijdan." Tun da aka haifi Gassan, Ummu Gassan yake ce mini a gaban mutane. Ranar na fusata shi har ya manta da baƙuwa, ya riƙa kiran sunana na yanka. Daga nan aka ji ƙofar tsakar gida ta buɗe, na fita ke nan. Sai ya rage murya, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ki bar ta, 'yata, da gangan take yi. Ranar da kika ji turmin nan ya yi shiru, to ni ne babu."

Rula tana share ido. Ni ban yi kuka a gabanta ba. Abin da ke raina shi ne, wannan maganar ni bai taɓa faɗa mini ba. Ita ya faɗa wa, kuma duk tsawon takabata tana yawo da ita a jaka.

"Sau nawa kika saurara?"

"Ban ƙirga ba, Inna. Ban san mahaifina ba. Shi ne ya fara ce mini 'yata."

"Tura mini." Ta tura, ta nuna mini inda zan danna. "Yanzu goge naki."

Da ta buɗe baki, sai injiniyar da ke cikinta ta dawo.

"Inna, in na goge, taki kaɗai ta rage a duniya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa haka kawai. Ki bari in ajiye kwafi inda ba mai taɓawa. Na yi miki alkawari ba zan sake ji ba. Ko ki ba Gassan. Abin da ya faru da Baffa ke nan, kada ki maimaita."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Na nuna mata kofin.

"Ke kika ce in sha."

Ta goge a gabana, ta shiga wani wuri ta sake gogewa, ta juyo mini da allon in gani. Ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da tasi. Da lokacin makdus ya zagayo na aika mata babbar kwalba, wadda ba lamba a jikinta. Ta kira ta yi godiya. Yarinyar kirki ce, ban taɓa cewa ba haka ba.

Wayar tana nan, na naɗe ta a cikin hular sanyin Fauzi. Ba ta shiga kicin, ba ta zuwa kusa da ruwa, ba na kunnawa in akwai kowa a gidan. Ta fara tsufa, cajinta ba ya daɗewa, wani lokaci sai na danna na sake dannawa kafin ta haska. Duk Juma'a in Gassan ya zo cin abinci sai ya ce, "Umma, don Allah ki bari a kwafa kafin ta mutu."

Nakan ce masa "to".