Ranar da Azara Ta Juya Hotuna

Azara na juya hoto na ƙarshe ya fuskanci bango sai tsohon ya yi wani gurnani daga kan gado.

"Ma'alish, Musiye," ta ce masa da Faransancinta na Damagaram. "Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗaki mai hotuna. Gata nake maka."

Musiye Oktaf mutumin Beljiyam ne, ƙofarsa na kallon tata a wani tsohon bene bayan kasuwar Ataba, can ƙasar Larabawa, inda take saro mayafai. Sana'ar da ya tsufa a cikinta a jaridun ƙasarsu ita ce ya tsaya gaban hoton da wani ya zana ya yanke masa hukunci. Wanda ya yaba ya ci abinci, wanda ya kushe ya nemi wata sana'ar. Ko miyar kukar Azara ba ta tsira ba. Ya ce launinta ya cika duhu, sannan ya suɗe kwanon.

Zane ɗaya ne, cikin na bangon ɗakinsa, ya kashe masa baki: wata mata a bakin taga tana ɓare lemo. Marigayiyar matarsa ce ta zana kanta. "Wannan ban taɓa samo masa kalma ba," ya taɓa gaya wa Azara. "Kallonsa kawai nake yi."

Yanzu shanyewar jiki ta ƙwace masa harshe, likita ma ya ce sai addu'a.

Ya ɗaga yatsa yana nuna bango. Ta kawo ruwa, ya kau da kai. Ta gyara masa matashi, ta kunna fanka. Yatsan dai na nan.

"Me kake gani? Mala'ikun sun zo ne?" Tsigar jikinta ta tashi, ta sunkuyar da kai tana ta salati.

Bayan la'asar Mu'tasim mai gadin benen ya leƙo, ya bi yatsan da kallo.

"Hajja, matarsa yake nema! Wa ya juya ta?"

Azara ta zabura ta ciro hoton har da ƙusar, ta kai shi gaban fuskar tsohon. Idanunsa a buɗe suke, amma babu kowa a cikinsu. Abin da ke cin ta har yau, ba ta san yaushe ya tafi ba.

"Khalas, shi ke nan, Hajja," in ji Mu'tasim a hankali. "Ajiye."

Ba ta ajiye ba. Ta ci gaba da riƙe hoton daidai idanunsa, a ƙasa motoci na ta zuba hon.