Reshen Inabin Baban Iyatu

Ranar Laraba ce, cikin Satumba na 2014. Ina wanke wa tsohuwar da nake kula da ita ƙafa, kusa da titin Fordham Road, sai waya ta yi ƙara. Aka ce mijina Amadou ya faɗi a gona, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Gonar inabi ce a Long Island, ta wata Baturiya. Giya suke yi da inabin, mai tsada. Shekara goma sha ɗaya yana can, yakan zo gida Asabar, ya koma Litinin. Da ya fara, layi ashirin ne kawai na itace. Lokacin da ya rasu sai da mota ake zagaya ta. Bai taɓa kai giya bakinsa ba, aikinsa itace. Tun a Maraɗi mai lambu ne. Shi ya hana su yawan ban ruwa, don saiwa ta nutsa ta nemi nata. Yakan yanke rabin 'ya'yan tun suna ɗanye ya zubar, don sauran su yi kyau. Shi ke ɗanɗanawa ya ce gobe a tsinka.

Bayan jana'iza yayansa Abubakar ya ja ni kicin.

"Hawawu, duk wanda ya tambaya, ki ce a gonar tumatir yake aiki."

"Yaya, ƙarya zan yi wa mamaci?"

"Rufin asiri ne. Ki tuna da 'yarki Iyatu, wa zai auri 'yar mai giya?"

Kwana biyu ina cewa tumatir. Bakina kamar na tauna toka.

Ranar sadakar uku Baturiyar ta zo, ta yafa gyale a karkace. Falo cike da mutane. Ta miƙo min almakashin Amadou da reshen inabi a bokiti. Ta ce suna so su sa sunansa a kwalbar giyar bana. Iyatu ta fassara min a kunne, amma rabin falon sun riga sun ji. Wata ta ce, "Au, tumatir ɗin har da kwalba?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na miƙe. Na ce, "Iyatu, gaya mata sunan ubanki ba zai hau kwalba ba. Bai sha ba yana raye, ba za a sha shi yana kabari ba." Sannan na juya. "Ku kuma, inabi ya noma, ba tumatir ba. Ni na yi muku ƙarya. Hisabinsa na wurin Allah, ba ya hannun kowa a falon nan. Reshen nan kuwa a gidana zai zauna."

Abubakar ya ɗauki hularsa. "Kin kyauta, Hawawu."

"Na kyauta, Yaya. A gaida gida."

Shekara biyu bai tako ba. Wasu matan har yau ba sa cin abincina. Iyatu ta yi aure bara, mijin ya san komai tun ranar farko, da bakina na gaya masa.

Reshen yana bakin taga, ya kama ƙarfe ya hau. Kullum da safe nakan tura yatsa cikin ƙasar bokitin. In na ji danshi ko kaɗan, sai in mayar da butar in tafi aiki.