Akori-kurar da Ta Ƙi Tashi

Karo na uku ke nan cikin wata guda da akori-kurar wani mai sayar da katako ta zo garejin Kafireta. Wannan karon turo ta aka yi, mutum huɗu a baya, direbanta yana tafe a gefe ya zura hannu ta taga yana juya sitiyari.

Kafireta bakanike ne mai shekara hamsin da 'yan kai. Ya samu sunan tun zamanin da motoci ke aiki da kafireta, lokacin da yake saita inji da kunne kawai. Direban kuwa ƙanen matarsa ne, ana ce masa Auta, kuma Kafireta ne ya nema masa aikin shekara biyu da suka wuce.

"Yaya, ga mutuniyarka ta sake kewarka," in ji Auta, yana share gumi da hula.

"Me ta yi kuma?"

"Abin da ta saba. Da safe sai ta ɗan yi gardama ta tashi. In ta yi zafi na kashe ta don a sauke kaya, shi ke nan, in yi ta murza makulli har hannuna ya gaji. In ma ta tashi, da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Yau a tsakiyar titi ta kwanta min, har wata tsohuwa ta ce in sayar in sayi jaki."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya matso kusa ya rage murya.

"Maigida ya ce tankin da ke yin kwana huɗu yanzu kwana biyu yake yi. Ya ce ko mota na da huda, ko direba na da jarka. Ƙarfe huɗu zai zo. In ba a samu ciwon a jikin mota ba, to a jikina yake, in ajiye makulli."

Kafireta ya san direban da aka kora kan satar mai ba ya sake samun mota a wannan layin.

Zuwan farko filogi ya canza. Zuwa na biyu ya canza matatar mai, ya wanke maƙogwaron totur. Duka biyun da zato ya yi su. Yau ya ce babu zato. Ya buɗe bonet, ya tokare shi da sanda, ya fara daga farko.

Ya ɗora mita a batir, ya ga sha biyu da rabi, lafiya lau. Ya zare wayar filogi guda ya kusanta ta da ƙarfe, ya ce wa Auta ya buga. Wuta ta fito shuɗiya, tana ƙyas-ƙyas. Sai ya kwance filogin kansu. Sati uku da sa su, amma duk sun yi baƙi ƙirin, bakinsu jiƙe da fetur.

"Ba yunwa take ji ba," in ji shi. "Ɗura ake mata har ta ƙware."

"Kamar yadda yayata ke maka," in ji Auta.

"Kai dai riƙe min fitila."

Ya ɗaura ma'auni a bututun mai, ya buɗe makulli. Allura ta hau inda ya kamata. Ya kashe, ya jira minti goma, ba ta sauko ba, alamar babu nozul mai fesa fetur da ke ɗiga a ciki. Matatar iska fes take. Ya kwanta a kwali ya bi ƙarƙashin mota daga tanki har inji, bai ga ko ɗigo ba.

Ya miƙe yana goge hannu. Famfon mai lafiya, nozul lafiya. Ke nan umarni suke bi, kuma mai ba da umarnin shi ne akwatin nan da ke ƙarƙashin dashbod, wanda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwar ba ta gani, abin da 'yan ma'aunan jikin inji suka faɗa mata ta waya shi take aiki da shi. Fitilar da ya kamata ta nuna matsala ta daɗe da ƙonewa, don haka ya tura Auta ya je ya ci abinci, shi kuma ya ɗauki mita ya shiga bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aunin iska lafiya. Na totur lafiya. Ya isa inda tiyon lagireto na sama ke shiga inji, wurin da ma'aunin zafin ruwa yake. Soket ɗin a naɗe yake da salatif, salatif ɗin ya narke ya yi danƙo. Da ya ɓare, waya guda ta faɗo a yatsansa, ba ta haɗe da komai.

Bayanin a fili yake. In wannan wayar ta tsinke, ƙwaƙwalwa tana ɗauka injin yana cikin matsanancin sanyi, sai ta yi ta kwarara masa fetur. Da safe injin yana iya jurewa. Da zafi sai ya shaƙe.

Amma Kafireta ba wayar yake kallo ba, naɗin yake kallo. Zagaye uku, an lanƙwasa bakin don a ji daɗin ɓarewa. Shekara talatin haka yake naɗi.

Ya tuna. Sati shida da suka wuce an kawo motar juyen baƙin mai, ya yi mata abin da yake yi wa kowace mota: ya cire tamostat, ɗan marfin nan da ke tare ruwa har sai inji ya yi ɗumi. A wajen ubangidansa ya koya, wanda ke cewa an yi abin ne don ƙasashen ƙanƙara. Wajen kwance kusoshi sufana ta zame, ta fasa soket ɗin da ke kusa. Ya naɗe, mota ta tashi, bai faɗa wa kowa ba.

Ya nemo soket a jikin wani mataccen inji, ya yi masa dalma, ya wanke filogi ya mayar. Bugu ɗaya ta tashi. Ya bar ta ta yi zafi, ya kashe, ya sake bugawa, ta tashi. Baƙin hayaƙin salansa ya washe.

"Me ke damunta?" in ji Auta da ya dawo.

"Waya ce."

Ƙarfe huɗu saura kaɗan mai katako ya iso, gajere mai tabarau, da garin katako a kafaɗar rigarsa. Kafireta ya nuna masa tsohon soket, ya bayyana inda man ke tafiya. Mutumin ya juya abin a hannu, ya murza danƙon salatif tsakanin yatsu.

"Malam Kafireta, ni ban san inji ba, amma na san waya ba ta naɗe kanta." Ya juya ga Auta. "Ko ka kai ta wani wuri ban sani ba, ko kai ka yanke don ka samu wurin fakewa. Wanne ne?"

"Wallahi, Alhaji, ko bonet ba na buɗewa sai zan duba ruwa."

"Kowa haka yake cewa. Kawo makullin."

Motocin mai katako uku Kafireta ke gyarawa, ban da na abokansa da ya turo masa. Ya ga Auta ya sa hannu a aljihu.

"Alhaji, naɗina ne," in ji Kafireta.

Ya faɗi yadda aka yi, daga cire tamostat har zamewar sufana, bai ƙara ba, bai rage ba.

Mai katako ya cire tabarau ya goge. "Sau biyu na tambaye ka. Ka ce filogi, ka ce matata."

"Na faɗa. Ban duba nan ba."

"Sauran biyun ma ka cire musu?"

"Na cire."

"Gobe za a kawo su ka mayar. Bayan nan zan nemi wani gareji." Ya dubi Auta, wanda har yanzu yake miƙe da makulli. "Me kake miƙo min? Ƙarfe bakwai akwai kaya."

Da ya tafi, Kafireta ya jawo wani tsohon bokitin fenti daga ƙarƙashin benci. Cike yake da tamostat, sun fi talatin, wasu sun yi tsatsa.

"Yaya, duk waɗannan?"

"Ɗora ruwa a wuta. Sai mun tsoma mun ga wanda ke buɗewa kafin mu sa."

Auta ya ɗauki gwangwani, sai ya tsaya. "Me zan ce wa yayata in ta tambaya?"

"Ka ce mata gobe kana da aiki. Miƙo min sufana mai lamba goma."