Kwantaccen Cikin Hinda

Ran da Hinda ta sunkuya ta ɗauki taɓarya da kanta, ba wanda ya yi guɗa a gidan. Surukarta Daso tana bakin murhu, ta ɗago ta dube ta, ta mai da ido kan tukunya.

Shekarun baya, da zazzaɓi ya ɗauke Rabe mijinta, Hinda ta ce ba ta ga wata ba. Ciki ya taso, ya wuce wata tara bai da niyyar fitowa. Matan garin Bande, waɗanda ba a taɓa kawo musu ciwon da ba su san sunansa ba, suka ce ai kwanciya ya yi, baƙin cikin rasuwar uba ne, zai tashi in ya ga dama. Liman ya ce gonar Rabe ba ta rabuwa sai an ga abin da Allah ya kawo. Haka Hinda ta zauna a ɗakin mijinta, ana yi mata fura, ana hana ta ɗaukar ko ludayi. Ciki kuwa ya yi ta girma har ta koma barci a zaune, numfashi sama-sama.

Wani likitan Nasara da ya zo rangadi Magariya shi ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya ce in ba a kai ta Damagaram ba, ba za ta ga kaka ba. Mainassara, wan marigayi, ya sa ta a motar gyaɗa. A can lokotoro, wato likita, ya feɗe ta, aka ciro wani ƙari cike da ruwa, aka ɗinke.

Da suka dawo, Daso ta jira mutane suka watse, sannan ta matso.

"'Yar nan, ba ko ɗan yatsa a ciki?"

"Babu, Inna. Lokotoro ya nuna wa Yaya. Ruwa ne."

Tsohuwa ta gyaɗa kai ta fita. Hinda ta so ta yi kuka, ta nema ta rasa. Ba ta jin daɗi, ba ta jin baƙin ciki, sai ƙaiƙayin ɗinki.

Tafiya ma sai da ta sake koyo. Ta saba jan jiki baya don ta tare nauyi, yanzu da ba nauyin sai ta riƙa yin kamar za ta faɗi rigingine. Ta fara da dafa danga zuwa bakin rumbu. Daga nan rijiya, hannu sake. Daga baya da ɗan tulu. Zannuwanta duk suka yi mata yawa, tana ɗauri biyu yana saura. Kafin damina ta yi nisa tana surfe, tana jan guga, abinci yana shiga.

Wata safiya ta saɓa hauya ta nufi gonar Rabe, gonar da aka ce ta ɗanta ce. Ta yi noma har rana ta take, gumi yana bin tabon, ƙafafunta na ɗauke da ita ba gardama. Mainassara ya daɗe tsaye a gindin gawo har ta kai ƙarshen kunya. Ba mugu ba ne, mutum ne mai baki takwas a gida da gona ɗaya.

"Sannu da aiki, Hinda. Jiki ya yi kyau."

"Alhamdu lillahi, Yaya."

"Na je wurin Liman." Ya gyara murya. "Ya ce tunda ba ciki, takaba ta fita tuntuni. Gado sai rabo. Naki za a ba ki a damman hatsi in kaka ta yi, ƙasa dai ta gida ce. Mutanenku na Dungas ma sun aiko."

"To."

"Ba korarki ake ba."

"Na sani, Yaya."

Ta ƙarasa kunyar da ke kusa, don ba ta son barin aiki rabi.

Ranar tafiya Daso ta ɗaure mata kuka da daddawa a tsumma, ba ta haɗa ido da ita ba. Mainassara ya kawo jaki. Hinda ta ce a ɗora kaya kawai, ita ƙafarta lafiya lau. Ta yi ta tafiya cikin rairayi tana jiran gajiya, gajiya ba ta zo ba.

A bakin rijiyar Dungas Altine, ƙawarta tun ƙuruciya, ta hango ta. Rabonta da Hinda tun tana fama da ƙaton ciki. Ta saki guga ta rangaɗa guɗa.

"Ya tashi ke nan! Barka da sauka! Me aka samu?"

Ta zagaya ta leƙa bayan Hinda, ba ta ga goyo ba. Guɗar ta tsaya mata a maƙogwaro. Ta kama hannunta, ta yi ƙasa da murya.

"Wayyo, ƙawa. Bai zo da rai ba? Allah ya sa mai ceto ne."

Hinda ta dubi matan da suka ajiye tuluna suna matsowa don yi mata ta'aziyya.

"Amin," ta ce.